Tun da Ka Bar Layinmu

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya gajiya, yaya baƙunta? Bayan naka fa, har yanzu yana riƙewa idan ka daɗe a sunkuye? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka. 'Yarka Yaya tana gaishe ka, ta ce in gaya maka an mayar da ita bencin gaba a aji.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani na waya. Ka san halina, ba banza ka sa mini Shiru-shiru ba. Idan ka kira, kafin in haɗa maganar da ke raina ka riga ka tambayi lafiya, ka ce ba ka ji sosai, ka kashe. Da Direba ya ce mini shi ke kai wa kamfaninku siminti can inda kuke gina gada, sai na ce bari in gwada rubutu.

Shagonka yana nan a rufe kamar yadda ka bar shi. Baba Kafinta idan ya share gaban nasa da safe, sai ya zarce ya share gaban naka, har ya yayyafa ruwa. Mutane ba su daina zuwa da karyayyun kaya ba, su tsaya su kalli kwaɗon, su juya. Ƙafar kujerar Mai Aski ta sake ɓallewa, ya ɗaure ta da waya. Yanzu duk wanda ya zauna a karkace yake zama, askin ma a karkace yake fitowa, shi kuwa sai ya ce laifin mai walda ne da ya gudu.

Akwai abin da ba na so ka ji a bakin wani. Da za ka tafi ka ce kada in ƙara karɓar abinci daga tukunyar layi, kada kuma in ƙara yi wa kowa guga sai da kuɗi. Wallahi na yi niyyar bin maganarka. Ranar farko da Iya, tsohuwar nan mai dafa wa layi, ta aiko da kwanonmu, na mayar. Washegari ma na mayar. Rana ta uku sai ga ta da kanta, da wannan ƙafa tata mai ciwo. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ma kalle ni ba. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinmu, ta buɗe kwanon, ta kira Yaya, suka ci tare. Da suka gama ta ce, "Ke da mijinki ku yi fushinku, ni jikata na zo ciyarwa." Ta ajiye mini sauran ta tafi. Na ci, Maigida. Ina ci ina kuka, amma na ci. Da yamma kuma na ɗebo kayan makarantar yaran layi na goge, don ba zan iya cin abincin mutane hannuna yana naɗe ba. Ka yafe mini.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, kai ka kafa wannan abu. Ban manta ba. Lokacin da aka rufe masaƙa aka sallame ku, kowa ya kama ɗan shago a layin nan, farashin komai yana hawa kamar ana tura shi, gas ya gagari kowa. Kai ka hau kan tsohon duro a bayan shaguna ka ce kuɗi ne babu a layin nan, amma hannu akwai. Ka ce na waje ya biya, amma tsakaninmu babu ciniki. Tela ya ɗinka wa yaran kowa, Mai Aski ya yi musu aski, kai ka liƙe duk abin da ya karye, ni in yi guga, tukunya ɗaya a ɗora da rana, kowa ya kawo abin da ya samu. Mutane suka yi maka dariya, suka ce ba za a yi wata guda ba. Ga shi yaran da aka haifa a lokacin har sun shiga makaranta.

Na san tun da muka rasa ƙaramar 'yarmu Tsuntsuwa ba ka son jin wannan magana. Ba zan tsananta ba. Takalmanta suna nan ƙarƙashin gado, ban iya ɗauke su ba tukuna.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci, ka riƙa sa gilashinka idan kana aiki. Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Shiru-shiru

*

Zuwa ga Maigidana,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Yaya jiki, yaya abokan aiki? Ina fata zazzaɓin da Direba ya ce ka yi ya sake ka. Mu muna lafiya, mun gode Allah. Saƙon kuɗin cefane ya iso, Allah ya ƙara buɗi.

Na ga takardarka. Gajera ce, amma na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki. Ka ce da kana karɓar kuɗin aikinka kamar kowane mai sana'a, da 'yarka tana raye.

Ba mu taɓa zama mun yi maganar ranar nan ba. Kai ka yi shiru, ni kuma dama shiru ne halina. To bari in rubuta yadda na gan ta.

Da safe zazzaɓi ne kawai ke damun Tsuntsuwa, har ta sha shayi, tana yi wa Yaya wannan fito nata da ya sa ka laƙaba mata suna. Kafin azahar ta fara jijjiga. Direba ya ɗauke mu. A asibiti mutumin da ke bayan taga ya ce sai an fara biya kafin a ba da gado. Ka laluba aljihu, abin da ke ciki bai kai ko kusa ba, don duk makon nan aikin layi ka yi: murhun Iya, ƙofar Tela, tagogin bayan shaguna. Na zauna a benci da ita a cinyata, jikinta kamar dutsen guga. Kana roƙon mutumin, yana cewa ba shi ya kafa dokar ba. Can a layi kuwa Mai Aski ya bar wani da rabin aski, ya cire hularsa yana bi shago-shago. Da aka ga abin bai isa ba, Baba Kafinta ya kwance injinsa na tsaga katako, aka ɗora a amalanke, ya tura da kansa zuwa babban shagon nan na bakin titi, ya sayar a yadda suka taya. Injin da ya saya da kuɗin sallamarsa. Da la'asar suka iso, aka biya, aka sa mata ƙarin ruwa. Rana ba ta faɗi ba ta cika.

Ba ni da amsar da zan ba ka. Ni ma tambayar nan tana cina. Idan ina guga sai in tsinci kaina ina cewa da an karɓe ta da azahar fa? Har na taɓa komawa na tari likitan a hanyar fita, na tambaye shi. Ya ce Allah kaɗai ya sani. Ban ce ka yi kuskure ba. Amma na tuna watannin da tartsatsi ya shiga idonka, kana kwance a ɗaki da ƙyalle a fuska, ko ƙusa ba ka liƙa ba. Ba mu kwana da yunwa ba, ba a kori yara daga makaranta ba. Na kuma tuna lokacin da kake da albashi, ranar da ya tsaya babu wanda ya leƙo daga masaƙa ya ce yaya kuke. Wannan ma gaskiya ce, wancan ma gaskiya ce. Na rasa inda zan ajiye su su zauna tare.

Mutanen layi ma abin bai bar su ba. Makon jiya suka taru a bayan shaguna. Baba Kafinta ya ce mun shirya wa yunwa, mun shirya wa tsiraici, amma ba mu shirya wa tagar asibiti ba, kuma yarinya ta biya mana wannan sakaci. Aka yanke cewa duk wanda ya yi cinikin waje zai jefa wani abu a akwati, komai ƙanƙantarsa, ba a taɓa shi sai don ciwo. Sun so na ƙarfe, amma babu mai walda, sai Baba ya yi na katako. Da zarto ya yi shi, ya ɗauke shi kwana da kwanaki, don hannunsa ba kamar da ba. A ɗakin Iya yake.

Abu ɗaya kuma. Jiya Yaya ta ce mini in gaya wa mutane su daina kiranta Yaya, tunda yanzu ba ta da ƙanwa. Iya ce ta jawo ta ta ce duk ƙananan layin nan ƙannenta ne, wa zai riƙa tsallakar da su titi idan ta ajiye sunan? Da safe kuwa na ga Yaya ta riƙe hannun ɗan Mai Aski za su makaranta.

Ka rubuto ko da faɗa ne. Faɗanka ya fi mini shirunka.

Taka har kullum,
Shiru-shiru

*

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina kuma fata kana lafiya. Mu jikinmu lafiya. Zuciyata ce ba daidai ba, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ambulan ɗin da ka ba Direba sun iso, kowace da sunan mai ita a baya. Shi bai san abin da ke ciki ba, da murna ya raba su ana cikin cin abincin rana, ya ɗauka gaisuwa ce. Ni ma haka na ɗauka. Sai da Mai Aski ya buɗe tasa, ya ga kuɗi da 'yar takarda cewa wannan na abin da ya kashe a asibiti ne, an gode, babu sauran nauyi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na san gumin da ka yi kafin ka tara wannan. Direba ya ce har ranar hutu kana karɓar aiki. Na san kuma a ganinka mutunci ne. Amma da ka ga fuskar Baba Kafinta. Tasa ta fi kowacce kauri. Bai ƙirga ba, ya mayar da kuɗin ciki, ya miƙo mini, ya ce, "'Yata, ki gaya masa ban ba shi rance ba. Yarinyar nan a kan teburina take zama tana wasa da ɓawon katako. Idan shi ubanta ne, ni mene ne?" Ya tashi ya bar abincinsa. Na riƙe ambulan ɗin ban san yadda zan yi da ita ba. Tana cikin akwatin kayana, sai ka zo.

Mai Aski ya jefar da tasa a ƙasa, ya ce shi ba a taɓa zaginsa irin na yau ba. Iya ta sa tata a akwatin ciwo. Tela kuwa ya sa tasa a aljihu. Ban ga laifinsa ba, mai shagon da yake haya ya matsa masa, matarsa ga tsohon ciki. Amma Mai Aski ya bi shi da magana, ya ce ashe akwai masu jiran a biya su kuɗin gawa. Tela ya ce shi fa ya gaji, shi ke ɗinka wa yaran layi kaf, zare da allura daga aljihunsa, aski kuwa me ake kashewa, ban da reza? Kafin ka ce me, kowa ya fara tono abin da ya taɓa yi wa wani. Wannan ya ce shinkafarsa ta fi yawa a tukunya, wancan ya ce yaran wane sun fi ci. Maganganun da ban taɓa ji ba a duk shekarun nan, rana ɗaya suka fito. Ban ce kai ka haife su ba, wataƙila dama suna kwance a ciki. Amma kai ka buɗe musu ƙofa.

Yanzu Tela ya daina zuwa bayan shaguna. Ya liƙa takardar farashi a ƙofarsa, matarsa tana dafa nasu a ɗaki. Gida biyu sun bi shi. Iya ta sauke babbar tukunya ta ɗora matsakaiciya. Ran nan na kai wa Tela rigar Yaya ya rage mata hannu, na miƙa masa kuɗi. Ya karɓa bai ɗago ba, ni ma ban kalle shi ba. Mutumin da ya ɗinka wa Tsuntsuwa rigarta ta farko. Har na kai ƙofa na ji ya ce, "Maman Yaya," na tsaya, sai ya ce babu komai, a gaida gida.

Baba Kafinta yana nan yana fama da zarto. Manyan ayyuka duk sun koma babban shagon bakin titi, inda injinsa yake. Shi sai gyaran kujera da ƙafar tebur. Duk da haka bai daina share gaban shagonka ba.

Ba na so ka ɗauka ina goyon bayan mutane a kanka. Kai ne mijina. Amma ina ganin kamar so kake ka biya kowa don kada ka ƙara haɗa ido da kowa, kuma ina tsoron ranar da za ka aiko mini da tawa ambulan.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sanyaya mana.

Matarka,
Shiru-shiru

*

Zuwa ga Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya ruwan sama a wajenku? An ce kogin ya cika har kun tsayar da aiki. Don Allah ka kula da kanka a kan ƙarafan nan. Yaya tana gaishe ka, ta ce hoton gadar da ka turo ta nuna wa duk 'yan ajinsu.

Labari biyu gare ni, ban san wanda zan fara da shi ba.

An buɗe akwatin ciwo. Ɗan Mai Aski ne, ƙaramin. Irin zazzaɓin nan, irin jijjigar nan. Uwarsa ta fito tana ihu babu ko mayafi. Iya ta fito da akwatin, babu wanda ya tsaya neman mabuɗi, Mai Aski ya fasa shi da guduma. Ban san lokacin da na shiga motar Direba ba. Tagar nan ce dai, mutumin nan ne dai. Aka miƙa masa, ya buga hatimi, nan take aka wuce da yaro ciki. Ko zama ba su yi ba. Ni ce na zauna, a kan bencin nan. Ya warke, Maigida, yana nan yana tsalle-tsalle a layi. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Amma da na ga an wuce da shi da sauri haka, sai na ce ashe abin da ya raba mu da ita ke nan, ɗan wannan. Na yi kuka har wata mata ta zo tana ba ni haƙuri, ta ɗauka ɗana ne. Da muka dawo uwar yaron ta rungume ni ta ce, "Tsuntsuwa ce ta cece shi." Na san alheri take nufi.

Na biyu shi ne Baba Kafinta. Ya faɗi a shago yana cikin aiki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Abin da ya rage a akwati da shi aka kai shi, likita ya ce a dawo da shi gida a kula da shi. Ka san ba shi da kowa, matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa kuma ko lambarsa babu mai ita. To layi ya raba kwana. Mai Aski ke yi masa wanka da safe. Iya ke dama masa abin da zai iya haɗiya. Ni wankinsa da shimfiɗarsa. Direba idan yana gari shi ke juya shi, don shi ke da ƙarfi.

Ka san wa ya zo? Tela. Babu wanda ya kira shi. Muna cikin canza shimfiɗa sai ga shi da zannuwa sababbi da ya ɗinka, da wasu riguna masu maɓalli a gefe don a riƙa sa wa Baba ba tare da an ɗaga masa hannu ba. Mai Aski yana wurin. Suka kalli juna, sai Mai Aski ya ce, "To tsaya kallo za ka yi? Kama ƙafafun." Shi ke nan. Washegari takardar farashin nan ta ɓace daga ƙofarsa. Sauran gida biyun ba su dawo ba tukuna, Iya ta ce a ƙyale su.

Maganar Baba ba ta fita sosai, amma idan na shiga sai ya riƙa nuna bangon da ke tsakanin shagonsa da naka. Na ce masa kana lafiya, kana gaishe shi. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini.

Ga roƙona. Ɗakin ya ishe shi, so yake a fito da shi ya ga layi. Direba ya samo tayoyin tsohon keke, Tela ya ce zai yi mazauni, akwai bututun ƙarfe a shagonka. Abin da ya rage mai haɗawa. Aikin yini ɗaya ne a wurinka. Tunda ruwa ya tsayar muku da aiki, ka nemi izini ka zo. Ban ce ka dawo ba, ban ce ka ci daga tukunyar kowa ba. Ka zo ka yi wa tsoho kujera, ya gan ka.

Ina jiran amsarka, ko kai kanka.

Matarka mai ƙaunarka,
Shiru-shiru

*

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma da sauƙi, sai haƙuri.

Baba Kafinta ya rasu. Na san Direba ya gaya maka a waya, amma ina so ka ji daga gare ni. Da hantsi ne, Mai Aski ya gama yi masa wanka, Tela yana sa masa riga. Babu wahala, numfashi ya ja ya sauke. Ban taɓa ganin jama'a a layin nan irin ta ranar ba. Har gida biyun nan sun fito, matansu suka kama aiki kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Mutanen babban shagon bakin titi ma sun rufe sun zo.

Keken guragun da ka saya ya iso kwana biyu bayan rasuwarsa. Sabo fil, cikin leda, mai kyau ƙwarai, na san ya ci kuɗi. Direba ya sauke shi a bayan shaguna, muka tsaya muna kallonsa. Ba zan ce maka komai a kan wannan ba, na san abin da kake gaya wa kanka ya ishe ka. Iya ta ce a ajiye shi a shagon Baba, duk wanda ya buƙata ya ɗauka. Har an kai matar Tela asibiti a cikinsa daga ɗaki zuwa bakin titi. Ta sauka lafiya, mace.

Na karanta takardar da ka haɗo da shi. Ka ce kamfani ya ba ka ɗaki da falo a gidajen ma'aikata, akwai asibitinsu da ba a tambayar komai a taga, akwai makaranta. Ka ce in haɗa kaya, in sayar da abin da ke shago, mu biyo Direba idan zai koma.

Na tambayi Direba yadda kake zaune. Da farko ya ce lafiya lau. Da na matsa, ya ce ka rame, a tsaye kake cin abinci a bayan kwantena, kai kaɗai, ba ka shiga hirar kowa. Ya ce ranar da ya gaya maka rasuwar Baba ka ce to, ka kashe waya, daga baya aka ce masa ba ka fita aiki ba. Na yini ina tunanin wannan. Ni nan idan kuka ya zo mini, kafin in share hawaye wata ta shigo. Kai a can wa ke shigowa?

Don haka zan zo. Ba don asibitin ba, ko da yake ba zan raina shi ba, ni da na zauna a bencin nan. Zan zo don kai. Zan bar Iya da ƙafarta, zan bar gugar yara, zan cire Yaya daga cikin ƙannenta. Na gaya wa Iya, ta ce in je, wurin miji ba wurin ƙi ba ne, guga kuma matar Mai Aski za ta koya ko da za ta ƙona riga goma. Muka yi dariya, muka koma kuka.

Amma ba zan sayar da kayan shagonka ba, wannan kai za ka yanke da bakinka a gaban mutanen da suke jiran a buɗe shi. Kuma ba zan hau motar siminti a kawo maka ni kamar saƙo ba. Ban taɓa yi maka gardama ba tun da aka kawo ni ɗakinka, yau ɗaya ka yi haƙuri da ni. Ka zo da ƙafarka. Ka shigo ta bakin layi da rana, kowa yana shagonsa. Ka yi wa Iya ta'aziyya, ka yi wa Mai Aski da Tela, don su ne 'ya'yan da suka wanke shi. Babu wanda zai yi maka gori, na rantse maka. Mai Aski zai yi surutu, ka san shi, daga nan ya ce ka zauna ya rage maka wannan suma. Sannan mu je maƙabarta ni da kai da Yaya. Kusa da juna suke, shi da ita, Mai Aski ne ya roƙa aka yi haka. Zan tsaya daga bakin ƙofa, ka shiga ka yi musu addu'a.

Idan ka yi wannan, ko a ranar ka ce mu tafi, kayana a ɗaure suke.

Yaya ta ce in tambaye ka ko a can ma akwai yaran da ake tsallakarwa titi. Na ce mata ta bari idan ka zo ta tambaye ka da kanta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kawo mana kai lafiya.

Matarka,
Shiru-shiru